Idan Na Gyara Motar Baba, Zai Hau Titi

Gwaggo, don girman Allah ki taimake ni da shawara, kaina ya kulle. Duk wanda na fara ba labarin nan sai ya yi murmushi ya ce ashe ma zancen mota ne. Zancen mota ne kam, amma ya hana ni sakat, yana kuma neman raba kan gidanmu.

Ina aiki a ɗakin ba da magani na wani asibiti, ina da aure da 'ya'ya. Mu biyu iyayenmu suka haifa, ni da Yaya. Baba ya yi aikin safiyo, wato awon ƙasa, har ya yi ritaya. Yana da wata tsohuwar mota koriya, mai ƙofa biyu da kujera biyu, irin masu gudun nan da suke kwance a ƙasa kamar ƙadangare. Tun kafin a haife ni ya saye ta. Mama kan ce 'ya'yan Baba uku ne, kuma kowa ya san wadda aka fi so. Yaya bai taɓa damuwa da ita ba, ni ce na gado Baba wajen sonta. A cikinta ya koya mini tuƙi, har yau idan na ji ƙamshin tsohuwar kujerar fata da man inji sai in ji kamar na koma gida.

Injinta lafiya lau yake, ƙafarta ce ta mutu. Shokazoba duk sun saki, sifirin sun zauna, robobin ƙasa sun tsattsage. Idan ta taka rami sai ta yi ta rawa kamar kwalekwale, idan aka sha kwana sai ta kwanta gefe ɗaya, sitiyari yana yawo a hannu. Shi ya sa ta daɗe a rumfa an lulluɓe ta da tamfol.

Shi ma Baba bayan ritaya kusan haka ya zama. Mutumin da ya saba yawon daji da ma'auni a kafaɗa sai ga shi a kujerar falo daga safe har yamma, talabijin na yi ba ya kallo. Abinci sai Mama ta yi da gaske. Ana cikin haka aka gano yana da hawan jinin ido. Likita ta yi mana bayani ina zaune: abin da ke gabansa yana gani sarai, amma gefe da gefe ganin ya tafi, kuma ba ya dawowa. Ta ce ya haƙura da tuƙi. Baba ya gyaɗa kai, muna fita ya ce mini yarinyar tana da kirki, sai dai ba ta san mota ba.

Ba a daɗe ba ya yaye tamfol wai zai ɗumama inji, ya ja ta zai fita, ya goge ginshiƙin ƙofar gida da gefen dama. Ya ce ƙafar motar ce ta ja shi. To Gwaggo, matsalar ke nan, ba ƙarya ya yi gaba ɗaya ba, motar tana ja. Daga ranar ya ɗaura aniyar sabunta mata ƙafa baki ɗaya, ba ma irin ta da ba, wadda ta fi ta. Ya sa jikansa ya nuna masa yadda ake bincike a waya, ya yi odar shokazoba masu tauri, da gajerun sifirin da za su ƙara kwantar da ita, da sandar ƙarfe mai kauri da ke hana mota karkata a kwana, da sababbin robobi. Kwalayen suna nan jere a bayan kujerar falo, Mama na shara tana zagaye su tana tsaki.

Wallahi tun da ya fara wannan hidima Baba ya dawo mutum. Yana aske gemu, yana cinye abincinsa har ya nemi ƙari, yana tsokanar Mama. Da sassafe zai kira ni ina shirin fita aiki, ya yi ta yi mini bayanin yadda motar za ta riƙe titi idan an gama. Rabon da in ji wannan muryar har na manta.

Ran nan ya matsa sai mun fita da ita don in ji ciwon da kunnena. Na ce to, amma ni zan tuƙa, ya yarda. Muna tafe yana lissafa mini: wannan ƙarar ta baya ce ta hagu, wannan girgizar robar gaba ce. Ko bakanike albarka. Mun kusa wani shataletale sai ga mai keke ya faɗo daga wani lungu ta gefen da Baba yake zaune. Na taka birki da iya ƙarfina, hannun kekensa kamar ya taɓa ƙofar, mutumin ya dire ƙafa yana zazzare ido, ya zagaye mu ta baya ya wuce. Na juya wajen Baba. Idonsa a buɗe, yana kallon gaba. Sai ya buga cinyarsa cikin murna ya ce in ga yadda ta duƙa da hanci, abin da yake faɗa mini ke nan, shokazoban gaba sun gama aiki. Sannan ya tambaye ni me ya sa na taka birki haka ba dalili. Bai ga mutumin ba, Gwaggo. Mutum sukutum da kekensa a jikin tagarsa, bai gan shi ba. Sai na ce masa ƙafata ce ta zame.

Da na gaya wa Mama sai ta kama hannuna ta ce in yi mata alkawari motar nan ba za ta gyaru ba, na kuwa yi mata. Ita a ganinta lalacewar ƙafar ce kaɗai ta ɗaure shi a gida. Yaya kuwa cewa ya yi a daina wahala, ranar da Baba ya je asibiti a kira dillali ya ɗauke ta, in ya dawo ya yi fushinsa ya huce. Na ce masa a kan gawata. Tun ranar gaisuwa ce kawai tsakaninmu.

Akwai bakaniken da yake duba motar tun fil azal, abokin Baba ne, Dogo muke ce masa. Na je garejinsa na roƙe shi ya riƙa ja wa Baba rai. Ya yi ƙoƙari, bawan Allah. Yau ya ce jak ɗinsa na ɗaga mota ya lalace, gobe ya ce bayansa ke ciwo, jibi ya ce akwai roba ɗaya da ba ta zo ba. Baba ya yi odar robar, ta zo. Yanzu Dogo ya kira ni ya ce shi fa ya gaji, da furfurarsa ba zai ci gaba da yi wa amininsa ƙarya ba, ko dai ya ɗaura kayan ko ya faɗa masa gaskiya. Baba kuma ya fara cewa in Dogo ba shi da lokaci, ni da shi mun isa. Shekaranjiya Mama ta same shi kwance a ƙarƙashin motar, ya ɗaga ta da ɗan ƙaramin jak, yana laluben ƙusa da hannu.

Idan na bari aka gyara, na san halinsa, zai hau titi, kuma wanda zai faɗo daga lungu na gaba wataƙila ɗan makaranta ne. Idan na hana, zai koma kujerar nan ya ƙarasa mutuwa a zaune muna kallo. Kuma ba zan ɓoye miki ba, ni ma ina so in ga motar nan ta miƙe, har kunyar kaina nake ji. Ina zan sa kaina?

'Yar Baba da ta rasa tudun dafawa

*

'Yata, share hawayenki. Ba zancen mota kawai ba ne, kuma ba ki yi wauta da kika rubuto ba.

Bari in fara da Mama da Yayanki, don kada ki riƙe su a zuciya. Tsoronsu gaskiya ne. Mama ta san mijinta fiye da ku duka, Yayanki kuma ba mugunta ce ta sa shi maganar dillali ba, so yake a kashe wutar tun ba ta ci rufi ba. A kan abu ɗaya ina bayansu ba tare da wani kwana-kwana ba: mahaifinki ya gama tuƙi a titi. Wanda bai ga mai keke a jikin tagarsa ba, ko ƙafar zinariya aka sa wa motarsa bai kamata ya riƙe sitiyari cikin jama'a ba.

Inda na saɓa da su shi ne hanyar. Lalatacciyar ƙafa ba kwaɗo ba ce. Motar tana tashi, makulli yana hannunsa, ya taɓa fita da ita a haka. Abin da kuke yi yanzu bai hana shi tuƙi ba, ya dai tura dattijo ƙarƙashin mota a kan ƙaramin jak. Wannan shi ne haɗarin da ya fi kusa, yau ɗin nan ki ɗauke jak ɗin daga gidan. Sayar da ita a bayan idonsa kuwa, motar za ta tafi, amma yardar da ya yi muku za ta bi ta, kuma a shekarunsa ba lallai ku sami lokacin dawo da ita ba.

Kun haɗa abu biyu kun ƙulle wuri ɗaya, gyaran mota da tuƙa ta. Ki kwance su. Kafin a taɓa ko ƙusa ɗaya, ki zauna da Baba ku biyu, ba a gaban Yaya ba, ba a gaban jikoki ba, ki gaya masa abin da ya faru a shataletalen nan tiryan-tiryan. Ki ce masa ƙafarki ba ta zame ba. Mahaifinki bai san abin da bai gani ba, haka ciwon yake, kuma ke kaɗai ce shaida. Zai musa, zai yi fushi, wataƙila ya yi kwanaki bai kira ki da safe ba. Ki jure. Bayan haka ki mayar da shi wurin likitar, ki roƙe ta ta sake gwajin ta nuna masa sakamakon a takarda, inda yake gani da inda ya rufe. Mutumin da ya yi rayuwarsa yana auna ƙasa ya fi yarda da awo a kan lallashi.

Sannan ki ba shi abin da zai riƙe. A gyara motar a garejin Dogo, Baba ya zauna a kujera ya zama mai duba aiki, a tambaye shi, a bi maganarsa inda ta dace. Sharaɗi ɗaya, a faɗe shi a fili gaban Mama: makulli ya koma jakarki, ke ce direba, kuma ki tsayar da rana a mako da za ki riƙa fita da shi ba fashi. Ki je ki saki Mama daga tsoronta kafin ki nemi ta sake ki daga alkawarin, ki kuma kira Yayanki, ke ce ƙarama. Idan likita ta amince, a nemi fili killatacce da babu kowa, ya ɗan zagaya kina gefensa. Idan ta ce a'a, to a'a.

Na tambayi bakanikena game da kayan da ya saya. Ya ce sababbin shokazoba da robobi da sandar nan za su sa ta natsu a kwana sosai, amma a yi hattara da gajerun sifirin, domin mota za ta riƙa dukan ƙasa a kan tudun rage gudu, taurin kuma zai gaya wa bayan dattijo. Ya ce a sauya komai bibbiyu, hagu da dama, a yi saitin ƙafa bayan an gama, a duba birki, a kuma zubar da tayoyin da suka daɗe a tsaye ko da zanensu bai cinye ba. Ki kai wa Baba wannan a matsayin tambaya, ki bar shi ya yi miki gardama, zai ji daɗinta.

Kunyar da kike ji don kina son motar, ajiye ta. Wannan son ne zai sa ya saurare ki a inda ba zai saurari kowa ba. Ba na yi miki alkawarin zai karɓa da fara'a, ranar da mutum ya miƙa makullinsa rana ce mai nauyi. Amma gara ya miƙa shi da hannunsa ga 'yar da ta gaya masa gaskiya, da a zare masa shi yana barci.

Allah Ya ƙara wa Baba lafiya, Ya tsare masa sauran ganinsa, Ya daidaita tsakaninki da ɗan'uwanki, Ya kuma ba ki ƙarfin zuciyar buɗe baki.

Gwaggonku