Tsohon Ɓeran da Ya Manta Kwanonsa

Assalamu alaikum, Yaya. Ina fata kuna lafiya. Ya jikin Inna?

Ni alhamdu lillahi, sai ɗan ciwon baya. Har yanzu ɓerayen ɗakin bincike nake ciyarwa. Wani tsoho cikinsu ya manta hanyar kwanonsa. Likitar da ke binciken ta ce da tsufa sojojin jininsa kan juya su manne wa ƙwaƙwalwarsa. Ta ce, "Baba, kada ki taimake shi, mantuwar muke aunawa." Amana ce, sai na tsaya ina kallo.

Don Allah, in Inna ta sake manta ƙofar ɗakinta, ku kama hannunta. In ta tambaye ni, ki ce ina mata addu'a. In ba ta tambaya ba, kada ki faɗa mini.

Ƙanwarki.