Rabin Furannin Sun Fito Farare

Ya kai sanyin idona, inuwata ta tsakar rana, ruwan farko a kan busasshiyar ƙasa, kuma, Allah ya shirye ka, mafi gaggawar duk wanda ya taɓa aiki a ɗakin gilashin nan na gwajin shuka!

Wakenmu ya yi fure. Nemi wuri ka zauna: rabi shunayya, rabi fari fat.

Ka tuna ranar da muka zaɓi iyayen? Ka ɗago tukunyar mai fure shunayya, ka rantse tsantsa ce, wai kyanta kaɗai ya isa shaida. Na ce mu gwada ta tukuna. Sai ka riƙe mini hannu ina ɗora mata garin farin fure don barbara, ni kuwa, da duk karatuna, na manta abin da nake cewa. Da tsantsa ce, da duk 'ya'yan sun biyo launinta. Ashe tana ɗauke da fari a ɓoye, ta ja bakinta ta yi shiru, sai 'ya'yanta suka tona mata asiri!

Na daɗe tsaye a kan fararen. Wa zai sani in na tuge su? Da yanzu ina hanyar zuwa gare ka. Na kasa, masoyina. Ƙarya ce, kuma su ma daga ranar nan suka fito.

Farfesa ya duba, ya cire tabarau, ya ce a sake daga farko. Ba zai sa hannu a digirina ba sai an ga sabon fure. Kai kana can inda aiki ya kai ka, ka kama mana gida, Umma tana tambayarka sai yaushe. Ni ina nan kamar ƙudan da ke hango sarari yana bugun gilashi. Fanka tana juya zafi, ƙofa tana buɗewa, ba ta kai ni ko'ina. Wace irin kurkuku ce wannan, da mabuɗinta ke aljihuna?

Ka jira ni, tauraron asubata. Na san haƙuri ba fanninka ba ne, ga shaida nan cike da tukwane. Amma wannan karon, don Allah, kada ka ɗago wata tukunya don kawai ta yi maka kyau.

Ni kam an gwada ni. An haɗa ni da nisa, da haushi, da shirunka, kuma kowane karo kai ne kake fitowa.

Taka tsantsa, har ƙasa ta rufe mini ido,
Mai gardamar nan taka.