Garantin Kamfani ko Garejin Yayana?

Anti, don Allah ki taimake ni da shawara. Kwana goma ke nan ina yawo da wata takarda a jaka, har gefenta ya fara yagewa.

Ni ma'aikaciyar ɗakin gwajin jini ce a asibiti. Shekara uku da suka wuce na sayi mota sabuwa fil, bayan na gaji da tsofaffin da sai an tura. Garantinta zai ƙare ƙarshen watan nan. Da na kai ta sabis, wani jami'in kamfanin ya zaunar da ni a ofis mai sanyi, ya ce in biya a ƙara min shekara uku, in injin ko giya ya samu matsala su za su gyara. Takardar yarjejeniyar ce nake yawo da ita.

Ni kuwa Allah ya yi ni da bin diddigi. In sun san motar za ta lalace, me zai sa su ɗauki nauyinta? In kuma sun san ba za ta lalace ba, me nake saye? Na karanta ƙananan rubutun nan har idona ya yi ruwa, na ga an ce ban da abin da ya cinye saboda yau da gobe. To wa ke yanke hukuncin cewa wannan yau da gobe ce, wancan kuma lalacewa? Direban motar asibitinmu ya ce in saya ido rufe. Mai ba da magani ta ce ita ta saya, har ya ƙare ko ƙusa ba a canja mata ba.

Amma gaskiya, Anti, ba nan gizo ke saƙar ba. Yayana bakanike ne. Shi ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifinmu, shi ya koya min tuƙi. Tunda na sayi motar nan bai taɓa buɗe bonet ɗinta ba, saboda sharaɗin kamfani. Makon jiya na leƙa garejinsa, sai ya jawo wani akwati daga ƙarƙashin benci yana murmushi. Na'urar duba motocin zamani ce ya saya, yana koyon aiki da ita a waya, tabarau a kan hanci. Ya ce min saura kwana kaɗan motata ta dawo gida. Ban nuna masa takardar ba. Na san kwastomominsa sun ragu, na kuma san bai taɓa gyara irin tawa ba. In na sa hannu, na ce masa ban yarda da shi ba ke nan. In ban sa ba, a motata zai koya. Ya zan yi?

Ƙanwar Bakanike

'Yar'uwa, tambayoyinki sun burge ni, bari mu bi su ɗaya bayan ɗaya.

Kamfani ba duba yake yi ba. Mutane da yawa ke biya, kaɗan ne motarsu ke yin babbar lalacewa, ribarsa ke nan. Don haka direban da mai maganin duk gaskiya suka faɗa miki. Abin da ake sayarwa kwanciyar hankali ce, sai ki duba ko kina buƙatarta. In motar ba ta taɓa ba ki wahala ba, tafiyarki ba nisa, kuma za ki iya ware wani abu duk wata saboda gyara, kina iya haƙura. In kuwa gyaran giya ɗaya zai durƙusar da ke, ki saya, ba kunya a ciki.

Kafin nan ki koma ki nemi amsa a rubuce. Me suka ɗauka, me suka bari? Akwai kason da za ki biya a kowane gyara? In wani ya canja miki birki ko batir a waje, garantin ya ɓaci? Sau da yawa irin waɗannan ba sa cikin yarjejeniya, kin ga aikin Yaya ya samu in sun yarda.

Amma kada ki koma ke kaɗai. Inda kika yi kuskure shi ne ɓoye masa takardar. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa a ƙarƙashin mota ya fi mu sanin abin da ke lalacewa a shekara ta huɗu. Ki kai masa, ki ce Yaya karanta min, ka raka ni mu tambaye su. Ki kuma faɗa masa tsoronki a fili, cikin ladabi. Zai iya jin zafi na yini ɗaya. Abin da zai daɗe yana ci masa rai shi ne ya ji daga baya cewa kin sa hannu a ɓoye. Kada ki yi mamaki in shi da bakinsa ya ce ki saya, don babu bakaniken kirki da ke son ƙanwarsa ta tsaya a hanya.

Allah ya yi miki zaɓin alheri, ya tsare hanya, ya buɗa wa Yaya kasuwa.