Tsintar Shinkafar Inna

Gummi, da kaka, 1983

Zuwa ga maigidana,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya. Yaya aikin masaƙa, yaya zaman Kaduna? Mu nan sai godiya, yara suna gaishe ka.

Jikin Inna yana nan yadda ka bar shi, ɓarin dama a shanye, amma tana gane kowa. Ka san halin mahaifiyarka, ta ce ko yunwa za ta kashe ta ba ta cin abinci da hagu. Don haka ni ke ba ta a baki, ni ke mata alwala. Ba ƙorafi nake ba, gajiya ce irin ta ɗan Adam.

Kwanan baya wasu likitoci suka zo daga babban asibitin jami'a, suna bincike a kan masu shanyewar ɓarin jiki tun daga Anka har Bukkuyum. Suna son gano abin da ya sa wani ke miƙewa, wani kuwa ya kwanta ke nan. Babbansu, Likita Abdullahi, ya zo har gida, ya gwada Inna, ya ce hawan jini ne ya jawo, ba iska ba. Ya sa mata ɗan yatsansa a tafin hannun ya ce ta matse, sai ga yatsunta biyu sun motsa! Ya ce hannun da sauran rai, amma in aka dinga yi masa komai zai mutu. Wai kullum in zuba shinkafa a faifai ta tsince tsakuwa da shi, kuma kada in taya ta ko da ta yi kuka.

Na fara, amma da ɗari-ɗari, don ban taɓa ganin inda suruka ta sa uwar miji aiki ba. Ka taya mu da addu'a.

Taka,
Balaraba

Gummi, bayan girbin shinkafa

Maigida,

Ina gaisuwa, da fatan wannan ta same ka cikin ƙoshin lafiya. Saƙonka ya iso, na kuma ji faɗan da ke ciki.

Amma bari ka ji ta bakina, tunda mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Sannu a hankali Inna ta kai ga riƙe ludayi. Ran da ta fara kai kunu baki da kanta rabi a zane ya ƙare, ta yi dariya har da hawaye. Rabon da in ji dariyarta tun kafin ciwon.

Sai ga yayarka, Yaya Laraba, daga Bukkuyum. Ta shigo ta tarar da uwarta a duƙe kan faifai, gumi na zuba, hannu na rawa, ni kuwa ina gefe na naɗe hannu. Ko mayafi ba ta cire ba ta tara mini unguwa. Ta ce na mai da tsohuwa baiwa, na fake da likita. Yanzu in na shiga gidan suna sai hira ta mutu. An tambayi Inna ko da son ranta ne, ta sunkuyar da kai. Ban ga laifinta ba, wace uwa ce za ta ƙaryata 'yarta a gaban mutane saboda suruka?

Ka ce in ɗauke faifan ko in koma gidanmu. Wallahi na gaji, amma ina roƙonka ka bari zuwa bazara, lokacin da likitan zai dawo.

Matarka,
Balaraba

Gummi, da bazara, 1984

Maigida,

Gaisuwa da fatan alheri. Yaya zafi a can? Yara lafiya lau.

Amsarka ba ta canja ba, ni kuwa aka ce bin na gaba bin Allah. Tun a lokacin na ɗauke faifan, na koma ba Inna a baki.

Likita Abdullahi ya dawo kammala bincikensu. Ya kama hannun Inna, yatsun sun dunƙule sun ƙage, ya yi ya yi ya buɗe su ya kasa. Bai yi mini faɗa ba, da ma ya yi, da na ji sauƙi. Ya dai ce cikin waɗanda suka duba, masu motsa hannu sun fi samun sauƙi, har wani masunci ya koma gyaran taru. Na tambaye shi ko mu sake farawa, ya ce a yi ta shafa mai ana miƙar da hannun don kada ya yi mata ciwo. Daga nan na gane hannun ya mutu.

Inna kuwa yanzu in ina ba ta tuwo ba ta kallon fuskata.

Ka kwantar da hankalinka, sunan gidanka ya gyaru. Yaya Laraba ta aiko mini da turmin atamfa. Matan unguwa kuwa da ni suke wa 'ya'yansu misali, wai ga surukar kirki, ko tsinke ba ta barin tsohuwa ta ɗaga. In sun yaba ina cewa na gode, in shiga ɗaki in yi kukana.

Allah ya dawo mana da kai lafiya.

Taka har kullum,
Balaraba