Makin Yara Masu Harshe Biyu

Litinin, 5 ga Mayu
Surukata Hajiya ta sake ji ina yi wa ɗana Babaji wasa da Fillanci. "Harshe biyu a kan jariri? Haka ake dakushe yaro, Zulaihat." Da a littafi ne, da maigida ya shigo ya kare ni. Nawa yana ofis.

Alhamis, 8 ga Mayu
Dakta Lado, mai duba aikina na kammala digiri, ya amince. Matsakaicin makin jarrabawar shiga sakandare a shiyyarmu sittin ne. Zan gwada ko na yaran da suka tashi da Hausa da Fillanci ya gaza haka. In ya gaza, na daina yi wa Babaji Fillanci. Na yi wa kaina alkawari.

Asabar, 10 ga Mayu
Saba'in da takwas! Matsakaicin makin yara arba'in masu harshe biyu da Malama Furera, shugabar wata firamare a Ƙofar Durbi, ta ba ni. Har rawa na taka a kicin.

Talata, 13 ga Mayu
Dakta ya tambayi yadda na zaɓo su. Na kira Malama Furera a waya a gabansa. "Haba 'yata, baƙo ai mai kyau ake ba shi. Zaƙaƙuran na tsamo miki." Ya yi dariya har da cire tabarau. Wai in koma, ƙuri'a ta zaɓa, ba kara ba.

Laraba
Na kasa karanta ko shafi ɗaya.

Juma'a, 16 ga Mayu
Na nannaɗe lambar kowane yaro mai harshe biyu, na zuba a ƙwarya, na runtse ido na ɗebo arba'in. Wani maki talatin. Sau uku ina lissafi: hamsin da tara da ɗigo huɗu. Ƙasa da sittin. Na zauna a dakali kamar an yi mini mutuwa.

Litinin, 19 ga Mayu
Dakta ya sa na ƙarasa gwajin da kaina. Tazarar ƙarama ce, irin wadda ƙuri'a kaɗai kan iya kawowa. Ba hujjar cewa sun gaza. "Ba ki nuna sun fi kowa ba, Zulaihat." Na sani. Alhamdulillahi duk da haka. Yara ne kawai kamar kowa.

Talata, 20 ga Mayu
Ban kai wa Hajiya lissafin ba, me za ta yi da shi? Ɗazu tana tsince shinkafa, Babaji ya fara kuka, na rarrashe shi da Fillanci, yaren Innata. Ta ɗago ta dube ni. Ina jin ban rage murya ba.