Danjar Baba da Na'urar da Ka Aiko

Lanús, 14 ga Oktoba

Zuwa ga Yaya Evaristo,

Gaisuwa mai yawa da fatan wannan takarda za ta same ka lafiya, kai da Anti Noemi da yara, da kuma sanyin Toronto da kake ta kuka da shi. Allah ya ƙara muku lafiya da kwanciyar hankali. Mu nan ƙalau muke, bishiyar lemon Mama har ta yi fure.

Albishirinka, Baba ya koma gareji! Ka san tun da ɓarin jikinsa ya shanye ya daina leƙa danjojin nan bakwai da ya tara a shekarunsa talatin na gyaran fitilun titi. Likita ta ce in bai riƙa motsa hannun damansa ba, hannun zai tafi ke nan. Na yi lallashi, na yi faɗa, ko ƙoƙon shan mate, shayin ganyen nan namu, ya ƙi ɗagawa da shi. Gaskiya na fara fidda rai.

Ranar Lahadi da na'urarka mai sarrafa fitilun danja ta iso, mijina Osvaldo ya bar naman da yake gasawa ya jona ta da babbar danjar nan mai baƙin ƙarfe, muka turo Baba a kujerarsa. Kore ta kama, sai rawaya, sai ja, muna ta tafi kamar ƙauyawa. Daga ja kuwa sai ta faɗa kore kai tsaye. Nan fa Baba ya haɗe rai. Mutumin da sai a wuni bai ce uffan ba ya dubi Osvaldo ya ce, "Kai, wane jahilin ne ya koya mata? Ina ja da rawaya tare? So kuke ku kashe min mutane a gareji?" Ashe can wurinku ba a kunna biyun tare kafin kore, mu kuwa da shi direba ke sanin ya shirya. Osvaldo ya ce masa ai ko keke ba ya bi ta garejin, Baba ya ce shi ya sa har yau Osvaldo bai iya tuƙi ba. Na yi dariya har da hawaye, kuma ba duk na dariyar ba ne.

Washegari ya sa aka buɗe masa akwatin kayan aikinsa. Mako uku ke nan yana fama da wayoyi, yana haɗa wata 'yar na'ura tasa da zai ɗora a kan taka. Sukurdireba takan faɗi, ya zage ta, ya ɗauka, da hannun daman. Jiya da kansa ya yanka burodinsa.

To ga roƙona, Yaya. Osvaldo ya gano a takardar da ta zo cikin kwalin cewa akwai ɗan maɓalli a bayan na'urar, ana turawa ja da rawaya za su kama tare. Na ƙwace takardar na ɓoye cikin tulin tawul, na sa shi ya rantse ba zai faɗa wa Baba ba, don in Baba ya sani zai ajiye sukurdirebar, hannun ya koma kwanciya. Na san halinka da son nuna ka iya. In ka kira ranar Asabar Baba ya fara yi maka ƙorafi, ka ba shi haƙuri kawai, ka ce ba ka san yadda ake gyarawa ba.

Ka gaida Anti Noemi, da Fermin da 'yar autarku Delfina. Gwaggo Amalia tana gaishe ka, ta ce ka yi ƙiba a hoto.

Taka ƙanwa,
Griselda