Wutar Mutum Biyu

Harlingen, 3 ga Maris

Zuwa ga Renske,

Gaisuwa mai yawa, da fatan sanyin Deventer bai fi ƙarfin gwiwoyinki ba. Kin ce kada in kira ki a waya, amma ba ki ce komai a kan takarda ba, ni kuwa na bincika maganarki sosai kafin in sayi kan sarki.

Na yaye tamfol ɗin motar nan tamu mai gadon kwana a ciki. Shekara tara tana bayan rumbu, sai na tarar tsuntsaye sun riga mu tarewa, har sun yi zuriya. Injin ya tashi a bugu na huɗu, abin da ni ban taɓa yi ba. Saura wuta. Na je shagon kayan sola a Leeuwarden, mai shagon ya tambaye ni wat nawa na wuta nake ci a yini. Na ce masa ni burodi da cuku nake ci. Bai yi dariya ba. Ya jero mini farantin sola iri biyar, batiri iri uku, da wani akwati da ya kira kwantirola, na dawo gida kaina na juyawa kamar ranar da na fara aikin jirgin fito.

Shekara talatin kina koya wa yaran mutane aikin lantarki, ni ko fiyus ban taɓa canjawa ba. Mai shagon ya ce in rubuta duk abin da zai sha wuta. Ga shi: firij, fitilun karatu biyu, cajin wayoyi biyu, butar shayi, bargon lantarki, na'urar busar da gashi. Ki duba mini, Injiniya, ki gaya mini abin da zan saya. Norway nake so in je, a watan Mayu.

Ki huta lafiya.
Mijinki har yanzu, a takarda,
Jelle

Deventer, 12 ga Maris

Jelle,

Na samu takardarka, ina lafiya, ina fatan kana shan maganin hawan jininka.

Sarkin gobe, yau kuma? Na karanta jerinka sau biyu. Rabon kanka da gashi tun auren 'yarmu Femke, to me za ka busar? Bargon lantarki kuwa, kai ne mai cewa yana gasa ka kamar kifi. Wayarka ɗaya, ita ma rabin lokaci tana cikin aljihun wata rigar. Na soke abin da ba naka ba.

Ga abin da ya rage. Faranti biyu masu wat ɗari ɗari sun ishe ka. Batiri ka ɗauki na litiyam mai amfiya ɗari, kada ka yarda a sayar maka da na dalma don ya fi araha, nauyinsa zai karya maka baya kuma rabin cikinsa kawai za ka mora. Kwantirola mai amfiya ashirin, irin mai tsadar, don ranar arewa rowa gare ta. Shayi ka dafa a kan gas. In ka zo haɗawa, batiri za ka fara haɗa wa kwantirolar, sannan farantan. Ka karanta wannan layin sau uku. Fiyus kuma kusa da batiri, ba inda ya fi maka sauƙin kai hannu ba.

Wannan wutar mutum ɗaya ce. Na san ka gane.

Ka gaida maƙwabciya Baukje, ka mayar mata da tsaninta.
Renske

Harlingen, 6 ga Afrilu

Renske,

Bayan gaisuwa. Tsanin Baukje ya koma, ta ce da ma ta riga ta yi masa makoki.

Na bi maganarki sak. Batiri na fara haɗawa, fiyus yana inda kika ce, ban ƙone komai ba sai ɗan yatsa. Abu ɗaya kawai na canja: na ninka komai. Faranti huɗu, sun cinye rufin kaf. Batiri mai amfiya ɗari biyu, kwantirola mai arba'in. Mai shagon ya ce, "Baba, gidan abinci za ka buɗe?" Na ce masa baƙuwa nake jira.

A ƙarƙashin kujerar gaba na tsinci littafinki mai koren bango. Ashe tun shekarar da muka sayi motar kin zana komai, kowane layin wuta da launinsa, har da sunayen garuruwan da za mu kwana. A shafin ƙarshe kin rubuta, "A nuna wa Jelle ranar Lahadi." Na zauna a ƙofar motar ina ta neman wannan Lahadin a kaina. Kin nuna mini ne ina kallon ƙwallo, ko ba ki ma samu fuskar nunawa ba?

Ranar tara ga Mayu zan tashi. Deventer ba kan hanya take ba, amma zan sa ta. Ƙarfe goma na safe zan tsaya gaban gidan burodin da ke ƙasan ɗakinki. Ba sai kin haɗa kaya da yawa ba, bargon yana ciki.

Naki,
Jelle

Deventer, 15 ga Afrilu

Jelle,

Ina gaishe ka.

Na nuna maka. Ka ce, "Ya yi kyau, baɗi in an gama gyaran rufin gida." Aka gama rufi, aka shiga shinge, aka shiga ciwon mahaifiyarka, wannan ban ga laifinka ba. Bayan ta rasu kuma ka ce mai ya yi tsada.

Ba fushi nake ba. Da fushi ne da ka samu hanya, ka iya lallashi. Shekarun da nake da gwiwar hawa gadon motar nan su ne waɗancan taran, a taga na cinye su ina kallon tamfol. A watan Yuni za a yi mini aiki a ta hagu, Femke za ta zauna da ni. Kuma ko da ƙafafuna ƙalau suke, Jelle, na daina jira tun watan Nuwamba da na bar gidan, barci nake yi yanzu kamar jaririya. Ba zan sake ɗaukar jiran ba.

Kada ka zo ranar tara. In na ga motar ta taga zan sauko, in na sauko kuma zan ce maka a'a a gaban masu sayen burodi. Ka raba mu da wannan.

Ka je. Wani daga cikinmu ya kamata ya gani.

Allah ya kiyaye hanya.
Renske

Bakin ruwa, kusa da Bodø, Norway, 2 ga Yuni

Renske,

Gaisuwa, da fatan aikin gwiwa ya zo da sauƙi.

Ban biyo ta Deventer ba. A Groningen na miƙe.

Wurin yana da kyau, ba zan yi miki ƙarya ba. Wuta kuwa ba ta taɓa yankewa ba. Rana a nan ba ta san faɗuwa ba, kafin in gama kofin shayi na farko batiri ya cika, kwantirola ta kunna koriyar fitilarta ta rufe ƙofa, sauran hasken yinin duk a banza yake zuba a kan rufi. Na kunna fitilun biyu, na jona bargon, har na busar da safa da na'urar gashi. Batirin bai ko motsa ba.

Tambaya ɗaya ta rage mini, Injiniya, ba kuma sai kin amsa ba. Wutar da ta yi saura, ina ake kai ta?

Ki huta lafiya.
Jelle